Daga Jakar Wuri Zuwa Ɗan Kati: Guzurin Ƴan Damagaram A Ƙasar Wasu

A watan Oktoban 2022 yayana ya samu gurbin karatu a birnin Fas na ƙasar Maroko. Daren da ake haɗa masa kaya, gidanmu ya rabu biyu. Baba ya ce a canza kuɗin guzuri zuwa yuro, a ɗinke su cikin ƙugun wando. Yaya ya ce a'a, ya riga ya je banki an ba shi katin nan da ake zuba wa kuɗi tun daga gida, in ka isa can ka ciri kuɗin ƙasar a na'ura. Ya fito da shi ya miƙa wa Kaka. Ta juya shi gaba da baya, ta ɗan lanƙwasa shi, ta ce:

"Yanzu wannan ɗan faifan shi ne jika ɗari uku?"

Ya ce, "Shi ne, Kaka."

"To ina kuɗin suke?"

"Suna banki."

"Kai kana Maroko, kuɗinka suna Damagaram. Me ke nan ka tafi da shi?"

Muka kwashe da dariya, har da ni. Amma tambayar ba ta bar ni ba. Ita ce ta kai ni ɗakin karatu na Jami'ar André Salifou neman yadda kakanninmu ke tafiya da dukiya in sun bar gida. Ga abin da na tarar, ƴan uwa ɗalibai.

Kuɗin da ke cinye kansu

Kalmar "kuɗi" da muke faɗa kullum asalinta jam'in wuri ce. Wurin nan ba a Damagaram ake samunsa ba, ba kuma a Kano ba. Ƙwarjin wata ƴar dabbar ruwa ce daga tsibiran Maldibas cikin tekun Indiya, daga baya kuma Jamusawa suka riƙa jigilar wani nau'insa daga Zanzibar. Wato tun fil azal kuɗin kasuwarmu baƙo ne.

A cikin gari wuri ba shi da laifi. Da shi ake sayen goro ɗaya, da shi ake biyan wanzami. Matsalarsa tafiya. A ƙasar Hausa ba a zura shi a zare, ƙirgawa ake da hannu, biyar-biyar, a tara tsibi-tsibi, sannan a zuba 20,000 cikin jakar kaba. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya ba da labarin yadda ya zauna a Tasawa a farkon 1851 aka ƙirga wuri 500,000 ɗaya bayan ɗaya. Ku duba fa, rabin miliyan, da yatsu.

Wani Bature ɗan Ingila, Charles Henry Robinson, wanda ya iso Kano a ƙarshen 1894 kuma ya rubuta ƙamus na Hausa, ya ga abin da ya fi haka. Dokinsa ya kasa a hanya, ya so ya sayar, sai lissafi ya nuna masa wurin da za a biya shi sai ya ɗauki ƴan dako 15, kuma ladansu zai cinye kuɗin dokin har ya nemi ciko. Kun ji kuɗin da ke cin kansu.

Shi ya sa fatake ba su cika ɗaukar wuri a doguwar tafiya ba. Mai zuwa Gwanja sayen goro yakan ɗauki kanwa, da turkuɗi, da jar fata, ya riƙa sayarwa zango-zango yana biyan fito da abinci. Ayarin Buzaye mai zuwa Bilma yakan ɗauki hatsi ya dawo da kantun gishiri da dabino. Kaya su ne guzuri.

Akwai wani guzurin kuma da ba ma son ambato, amma tarihi ba ya yiwuwa da ɓoye-ɓoye. Bayi. Robinson ya lura cewa attajiri mai doguwar tafiya yakan tafi da bayi gwargwadon nisan hanya, yana sayar da su in buƙata ta taso, don su ne dukiyar da ke tafiya da ƙafarta. James Richardson kuwa, da ya zauna a nan Zinder a farkon 1851 zamanin Sarki Ibrahim, ya rubuta yadda fada kan ci bashin fataken Larabawa, in biya ya zo a fita hari a kamo mutane a biya da su. Da na karanta wannan na daɗe ban buɗe shafi na gaba ba. Wani daga cikinmu jikan mai biya ne, wani kuma jikan wanda aka biya da shi. Duk mai kewar "zamanin da" ya riƙa tunawa da wannan.

Dala dubu cikin akwatin sukari

Maganin nauyin wuri shi ne azurfa. Wadda ta fi shahara ita ce dalar Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya. Ta rasu a 1780, amma aka ci gaba da buga kuɗin da hotonta da wannan shekarar, domin ƴan kasuwa daga Yaman har Barno ba su yarda da wata kama ba sai wadda suka sani. Nauyin kowace giram 28 ne. Ba wani sarki da ya tsaya mata a Tarabulus ko a Kano, azurfar jikinta ce shaidarta.

A nan garin namu aka yi wani abu da ya burge ni. Barth ya iso Zinder ranar 25 ga Disamba 1852 yana shirin tafiya Tambutu, aljihunsa babu nauyi. A watan Janairun 1853 wani Balarabe ya iso daga arewa ya miƙa masa dala 1,000 ta azurfa, an ɓoye su cikin akwatunan sukari guda biyu don kada kowa ya farga. Na zauna na yi lissafi. A Kano a 1851 dala ɗaya wuri 2,500 ce. Dala 1,000 ke nan wuri 2,500,000, wato jaka 125. Wuri ɗaya ya ɗan haura giram guda, saboda haka nauyinsu ya zarce tan biyu da rabi, kayan raƙuma fiye da 15. Azurfar kuwa kilo 28 kacal. Baba da ya ce a ɗinke yuro cikin wando, ashe ɗan makarantar mai akwatin sukari ne.

Sai dai azurfa tana da nata ciwon. Wanda ya ƙwace ta ya zama mai ita. Tsakanin Damargu da Ayar da Gat, ayari na biyan kuɗin kariya ga masu hanya, kuma ba kullum ake tsira ba.

Takarda da amana

Zamanin Sarki Tanimu, wanda ya zagaye Birni da ganuwa, ya sa aka ƙera igwa a gida, ya rasu a 1884, Zinder ta zama babbar ƙofar fatauci tsakanin ƙasar Hausa da Barno da Tarabulus. Gashin jimina, da hauren giwa, da fata, da bayi suna tafiya arewa. Yadi, da takarda, da sukari, da bindigogi suna gangarowa kudu. Fataken Gadamus da na Tarabulus suka zauna a Zongo, aka samu manyan attajirai na gida irin su Malam Yaro, wanda harkarsa ta kai Kano ta kai Tarabulus ta hannun wakilai.

Waɗannan mutane sun gane wani abu. In kana da wakili a Tarabulus, kuma wani a can yana da wakili a Zongo, ba dole kuɗi su ƙetare hamada ba. Wasiƙa ta isa. Ka ba da kuɗi a nan, a rubuta maka takarda, ka karɓa a can, su kuma su daidaita lissafinsu da kayan ayari na gaba. Har yau akwai wasiƙun ƴan kasuwar Gadamus da aka adana, cike da lissafin bashi da saƙon kaya. Dabarar ma ta girme su nesa ba kusa ba. Malaman fiƙihu sun tattauna hukuncinta da sunan suftaja, kuma tun ƙarni na 10 Ibn Hauƙal ya ce ya ga takardar bashi ta dinari 42,000 tsakanin wani ɗan kasuwa a Audagust da wani a Sijilmasa.

Ƙananan fatake su ma suna da tasu hanyar. Kowane zango akwai mai masauƙi, shi ke ajiye wa baƙo dukiya, ya nemo masa dillali, ya tsaya masa in zai ci bashi. In ya ci amanar mutum ɗaya, labari zai riga ayari isa gari na gaba, shi ke nan gidansa ya mutu. Jarinsa sunansa ne.

To, a nan na fara hango amsar Kaka. Mai takardar Malam Yaro shi ma bai tafi da kuɗi ba. Ya tafi da alkawarin wani mutum.

Tamma, dala da sule

Ranar 30 ga Yuli 1899 sojan Faransa suka shiga Zinder bayan yaƙin Tirmini, shekara guda da ƴan watanni bayan kashe Kyaftin Cazemajou, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Nasara suka ce haraji sai da kuɗinsu. Wuri ya riƙa mutuwa a hankali, masu tarinsa suka wayi gari da abin ado da na duba. Sunan dala ya koma kan kwabon faran 5, shi ya sa har gobe muke ce wa sefa 100 dala ashirin, jakar wuri kuma ta bar mana "jika".

A 1911 layin dogo ya iso Kano, a shekarar kuma Italiya ta afka wa Tarabulus. Hanyar hamada ta durƙushe, fuskar kasuwa ta juya kudu. Manoman gyaɗa na Magarya da Matamai suka saba da sule da fam na Ingilishi kamar yadda suka saba da tamma. A 1926 aka ɗauke babban birni daga Zinder zuwa Yamai. Ranar 26 ga Disamba 1945 aka haifi sefa, ranar 1 ga Janairu 1973 aka haifi naira. Daga nan ɗan Damagaram ya zama mai aljihu biyu, ƴan canji suka zama bankinsa.

Talaka mai niyyar Makka kuwa nasa salon daban. Kaka ta ba ni labarin mahaifinta, wanda ya bi ta Barno, da Fort-Lamy wadda yanzu ake kira Njamena, da Abeshe, da Fashir. Ya tsaya shekaru a gonakin audugar Jazira ta Sudan yana ƙwadago, kafin ya hau jirgin ruwa a Sawakin. Shekara 7 ya yi kafin ya dawo. Na ce, "Kaka, da nawa ya tashi?" Ta ce, "Da allonsa da askarsa." Yana koyar da yara, yana aski, yana gaba.

Yadda katin yake aiki

Turawa ma sun sha irin wahalarmu. A 1891, kusan lokacin da Robinson ke fama da dokinsa, kamfanin American Express ya fito da cakin matafiya, takardar da kake sa wa hannu sau biyu, ɗaya wurin saye ɗaya wurin kashewa, don ɓarawo ya rasa yadda zai yi da ita. A 1950 katin Diners Club ya fito a Amurka. Daga baya Visa da Mastercard suka shimfiɗa hanyar da ta haɗa bankunan duniya. A yankinmu an kafa GIM-UEMOA a 2003 domin haɗa katunan ƙasashe 8 masu sefar BCEAO.

Katin da Yaya ya karɓa ba ya buƙatar asusu. Ka je da takardar shaida, ka zuba abin da kake so, a ba ka lambar sirri. Abin da ka zuba shi kaɗai za ka iya kashewa, ba bashi a ciki. Hukuma ma ta san da shi: dokar canji ta UEMOA ta 2010, lokacin da take aiki, ta ƙayyade wa matafiyi tsabar kuɗin waje na kimanin sefa miliyan 2, abin da ya haura sai ta cakin matafiya ko irin wannan kati.

Amma kowane zango da kuɗin fitonsa, kamar zamanin madugu. Akwai kuɗin sayen katin, akwai na zubawa, akwai na kowace cira, akwai ladan canji. In kana Dakar ko Kwatano ba canji, sefa ɗaya ce. In kana Faransa farashin a tsaye yake, yuro ɗaya sefa 655.957 tun 1 ga Janairu 1999, sai dai ladan banki. In kana Saudiyya kuwa labari ya sha bamban, domin riyal a ɗaure yake da dalar Amurka, riyal 3.75 kowace dala, saboda haka duk ranar da yuro ya faɗi gaban dala guzurin alhaji ya ragu yana barci. Njamena ma da take maƙwabciya sefarta ta wani banki ce daban, ko da yake darajarsu ɗaya. Yaya ya koyi darasi biyu da kuɗinsa. Cira ƙanana-ƙanana asara ce, gara a ciri mai ɗan kauri sau ɗaya. Kuma in na'ura ta ce za ta yi maka canjin da kanta, ka ƙi, ka zaɓi kuɗin ƙasar da kake, don farashinta ya fi tsada.

Ranakun da alkawari ya karye

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, duk kuɗin da ba azurfa ba alkawari ne, kuma mai alkawari yana iya sauya magana. Dattawan Kasuwar Dole sun ga haka da idonsu.

A watan Afrilun 1984 gwamnatin Janar Buhari ta sauya launin naira, ta rufe iyaka, ta ba da ƴan kwanaki a kai tsofaffin. Ƴan kasuwarmu da ke da buhunan naira a wannan gefen suka rasa hanyar kai su. Ga fari ya zo a shekarar, har mutane suka laƙaba wa yunwar sunan El Buhari.

A watan Agustan 1993 aka daina karɓar takardun sefa da aka fitar wajen yankin. Ranar 12 ga Janairu 1994 kuma aka karya darajarta da rabi, faran ɗin Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Wanda ya shekara goma yana tarin kuɗin Hajji ya kwana da kujera guda ya tashi da rabi. A Dakar aka sanar, mu a rediyo muka ji.

A ƙarshen 2022 Najeriya ta sake sauya manyan takardun naira, aka shiga 2023 da ƙarancin tsaba har cikin kasuwanninmu na bakin iyaka.

Sai wanda ya shigo gidanmu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, CEDEAO da UEMOA suka ƙaƙaba wa Nijar takunkumi. Aka rufe iyakoki, aka dakatar da hulɗar kuɗi, Najeriya ta yanke kuran, bankuna suka shiga ƙarancin tsaba. A daidai lokacin kuɗin katin Yaya suka ƙare, ga kuɗin haya ya taso. Ni aka aika banki. Kwana uku ina bin layi tun da sassafe. Yau a ce ba rezo, gobe a ce a dawo, jibi a karɓi kuɗin a ce sai an jira. Yaya yana kira yana cewa ya je na'ura sau huɗu ba komai, mai gida kuma ya fara ɗaure fuska. Ranar da ya ce mini burodi da shayi yake ci safe da dare, ban gaya wa Inna ba.

Baba bai ce komai ba. Ya sa hularsa ya nufi Zongo wurin wani Alhaji da ke sayo kaya daga Kazablanka. Suka gaisa, suka tambayi iyali, Baba ya ajiye jika ɗari. Alhajin ya ɗaga salula ya yi magana da ba ta kai minti biyu ba, sannan ya ce, "Malam, ka ce wa yaron ya saurari kira bayan la'asar." Kafin magariba wani ya kai wa Yaya dirhaminsa a hannu. Ba takarda, ba sa hannu. Da muka gaya wa Kaka sai ta yi murmushi ta ce, "Da tsohuwar zuma ake magani." Kuɗin katin sun shiga daga baya, takunkumin kuwa sai 24 ga Fabrairu 2024 aka ɗage shi.

Ba ina cewa a jefar da kati ba ne. Yaya har yanzu da shi yake aiki. In ya ɓace a toshe shi, kuɗin suna nan, abin da ba a iya yi wa azurfar Barth ko yuron cikin wando. Hanyar Alhaji ma ba ta rasa haɗari, domin in aka samu saɓani ba ka da shaidar da za ka kai gaban alƙali, kuma ba kowane ɗalibi ne ubansa ya san wani a Zongo ba. Abin da nake cewa shi ne mu san abin da muke riƙe da shi. Mai masauƙin da ya riƙe dukiyar kakanmu ana iya zuwa zaurensa a gaishe shi, a tuna masa Allah. Masu riƙe da dukiyar mai kati suna Yamai, suna Dakar, suna Amurka, ba su san sunansa ba, kuma shawarar da shugabanni suka yanke a Abuja cikin yini ɗaya tana iya hana shi cin abincin dare a Fas.

Saboda haka duk wanda Allah ya ba shi tafiya cikinmu, karatu ko neman lafiya ko aikin Hajji, ga ɗan abin da gidanmu ya koya. Ka tambayi banki duk kuɗaɗen da za a cire, a rubuta maka. Ka san iyakar abin da za ka iya cira a rana da ranar da katin zai mutu. Kada ka rubuta lambar sirri a jikinsa. Ka riƙe tsabar da za ta kai ka mako biyu, a wani wuri daban da katin. Kuma kafin ka tashi ka nemi sunan mutum ɗaya, ɗan gida, da ke zaune a garin da za ka, ka je ka gaishe shi tun ba ka da buƙata.

Yaya ya zo hutu bana. Daren da zai koma na leƙa ɗakin Kaka na tarar da ita da allura da zare, wandonsa a cinyarta, shi kuma yana zaune a ƙasa yana miƙa mata yuro ɗaya bayan ɗaya. Katin yana aljihun rigarsa. Ba wanda ya yi dariya.